Awarwaron Da Ke Buɗe Ƙofa Ya Kuma Buɗe Jaka

Makon nan labarin wani awarwaro na zo muku da shi, wanda ba na zinariya ba ne, ba kuwa na azurfa ba, na roba ne. Sa'ad da Yayata da ke aure a Amurka ta zo ganin gida, na gan shi a hannun 'yarta mai shekara shida, ja wur, da hoton kan ɓera a tsakiya. Na ce, "Haba Yaya, duk arzikin Amurka a rasa abin da za a sa wa 'yata sai roba?" Ta yi dariya ta ce, "Ke dai Auta, irin robar nan da ki ke rainawa ita ce ta zama mana tikiti, ta zama makullin ɗaki, ta kuma zama jakar kuɗi har kwana biyar." Na ce to, sai ta zauna ta yi mini bayani.

Ga yadda abin ya ke. A jihar Florida ta Amurka, kusa da birnin Orlando, akwai wani makeken wurin wasa da a ke kira Walt Disney World, wanda aka buɗe a shekarar 1971. Kada ku ɗauka irin filin lilon da mu ke kai yara ran Salla ne. Gari ne guda, da manyan filayen wasa huɗu, da masaukan baƙi, da gidajen abinci, da kantuna, har da motoci da jiragen ruwa masu kai mutane daga wannan sashe zuwa wancan. Iyali kan je su yi mako ba su gama zagaya shi ba.

A shekarar 2013 masu wurin suka fito da wannan awarwaro, suka sa masa suna MagicBand, watau kamar a ce awarwaron siddabaru. Ba wani siddabaru a ciki. Ɗan ƙanƙanen ƙarfe ne irin wanda ke jikin katin banki, da 'yar eriya mai aika saƙo ta iska, aka binne su cikin roba don kada ruwa ya taɓa su. Ba kuɗi a cikinsa. Lamba ce kawai. In an kara shi jikin na'ura sai ta karanta lambar, ta tambayi babbar kwamfuta, ita kuwa ta ce lambar wance ce, ta biya kuɗin shiga, a bar ta ta wuce. A bakin ƙofa mutum ya kara awarwaro, ya ɗora yatsa a kan gilashi, fitila ta yi kore, shi ke nan ya shige. Wanda ya sauka a masaukinsu, da shi zai buɗe ɗakinsa. In kuma ya haɗa katin bankinsa da lissafin ɗakin, da shi zai sayi abinci da tsaraba, sai dai ya danna lambar sirri, a riƙa tara masa abin da ya ci a lissafin ɗakin. Jaridun ƙasar sun ce shirin duka ya ci wa kamfanin kimanin dala miliyan 1,000.

Yaya ba ta gajiya da yabonsa. Ta ce, "Ga jariri a hannu ɗaya, ga wannan tana jan ɗaya hannun, ga jakar kayan jariri a kafaɗa. Ina hannu na uku da zan laluba waya ko kati?" Duk mai goyo ta san wannan magana gaskiya ce.

Amma fa awarwaron bai kori sauran ba. Daga farkon shekarar 2021 suka daina ba baƙin masauki shi kyauta, a cikin shekarar kuma suka fito da hanyar da mutum zai sa tikitinsa cikin wayarsa, ya kara ta a ƙofa kamar yadda zai kara awarwaro. A 2022 suka kawo wani sabo mai walƙiya da girgiza, wanda sai an riƙa yi masa caji, farashinsa a lokacin ya fara daga kusan dala 35. Katin roba ma yana nan ga wanda ba ya son ko ɗaya. Watau ƙofa ɗaya, makulli uku, kowa ya zaɓi nasa.

Da a bara na ji wannan labari, da sai in ce madalla, Allah ya kawo mana irinsa, in wuce. Amma ya same ni ne makonni kaɗan bayan na gwada makullan nan uku a yini ɗaya, a nan ƙasarmu, kowanne kuma ya nuna mini halinsa.

Ni malama ce a wata makarantar firamare ta 'yan mata, ina riƙe da aji huɗu, shekarata ta uku ke nan da fitowa daga kwalejin horon malamai. A ƙarshen zangon da ya wuce Malama Babba ta yarda in kai 'yan ajina yawon buɗe ido wani filin wasa da ke babban birnin jiharmu. Yara 30 ne, kowace iyayenta suka ba da naira 3,000. Kun dai san abin da naira 3,000 ta ke a gidan da uwa ke sayar da ƙosai ko ƙuli-ƙuli. Akwai yarinyar da sau uku uwarta ta aiko da kuɗin, dubu-dubu. Jimla naira 90,000. Na zauna na tsara a takarda kamar yadda aka koya mana tsara darasi: 30,000 kuɗin mota, 30,000 kuɗin shiga, 18,000 na lilo, watau kowace yarinya hawa biyu a kan naira 300, sauran 12,000 kuwa na ruwan sha da ɗan abin taɓawa. Don tsoron 'yan sane na zuba kuɗin duka a banki, na ce da waya zan biya.

Muka isa da hantsi. Na ciro waya zan tura kuɗin shiga, ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Mai ƙofa, wani dattijo mai haƙuri, ya ce, "Malama, yau haka sabis ɗin ya tashi. Sai mun ga kuɗi ya shigo tukuna." Na ce, "Baba, ga yara a rana." Ya ce, "Wallahi 'yata, ni ma ɗan aike ne." Ba laifinsa. Na ɗaga waya sama, na koma gindin bishiya, na dawo, yara 30 sun zuba mini ido, suna jiyo kiɗa da ihun 'yan'uwansu daga cikin katanga. Sai da muka yi fiye da rabin sa'a kafin kuɗin ya tafi, cajin wayar kuwa ya zube. Abin ya tuna mini farkon shekarar 2023, lokacin canjin kuɗi, sa'ad da mutum kan tsaya gaban mai kayan miya da kuɗinsa a waya, ya koma gida ba abin sawa a tukunya.

Da kuɗi ya shiga, aka ɗaura wa kowace yarinya awarwaron takarda mai ƙarfi, ruwan ɗorawa, wanda in an liƙa ba ya fita sai an yage. Shi ne shaidar ta biya. Abokiyar aikina da muka je tare, wadda ta riga ni fara koyarwa da shekara 20, ta ce, "Malama, kawo biro." Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta rubuta sunan makaranta da lambar wayata a kan kowanne. Ni a raina na ce wannan ƙarin ɓata lokaci ne a kan wanda muka riga muka ɓata.

A ciki ba a karɓar kuɗi a hannu. Kati a ke ba mutum, ya zuba masa kuɗi, da shi a ke hawa lilo, da shi a ke sayen ruwa. Da na tuna wahalar bakin ƙofa, sai na ce bari in zuba 30,000 ɗin gaba ɗaya in huta.

Wasa ya yi daɗi ƙwarai. Ga lilo, ga majaujawa mai dawakin roba, ga ɗan jirgin ƙasa, ga ƙananan motoci masu karo da juna. Yawancin yaran ba su taɓa fita garinmu ba, in kun ga murnarsu sai ku ce Salla a ke. Duk wadda ta sauko sai ta rugo, "Malama, a ƙara mini!" Ni kuwa sai in kara kati, na'ura ta yi ɗan kuka, yarinya ta haye. Ban ji komi ya bar hannuna ba. Yadda katin nan ya ke da hantsi haka ya ke da azahar, bai rage nauyi ba, bai rage kauri ba.

Bayan azahar na ƙirga yara, na sami 29. Na sake ƙirgawa, 29. 'Yan'uwa, duk wadda aka taɓa ba amanar ɗan wani ta san abin da na ji. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Wadda ta ɓace kuwa 'yar shiru-shiru ce, in baƙo ya tambaye ta sunanta sai ta sunkuyar da kai. Muna cikin nema, ina salati, sai wayata ta yi ƙara, saura ƙiris cajin ya ƙare. Wata baiwar Allah ce ta gan ta tana kuka bayan rumfar masu kayan wasa. Ta yi ta tambayarta ba ta amsa ba, sai ta kama hannunta ta ga rubutu. Na je na rungume yarinyar nan, na juyo na dubi abokiyar aikina, na kasa cewa komi. Ita ma ba ta ce komi ba, sai ta miƙo mini birona.

Da hankalina ya kwanta na ce a je a sha ruwa. Na kara kati, fitila ta yi ja. Ba ko kwabo. Na tsaya na yi lissafi, ni da na ke koya wa yara lissafi. Na shirya hawa 60, na biya hawa 100. Kuɗin ruwa duk ya tafi a lilo. Abin da ya fi ba ni kunya kuwa, da na bi su ina tambaya, sai na tarar masu baki sun hau sau huɗu sau biyar, yara 7 kuwa sau ɗaya tak suka hau, don ba su iya kutsawa su ce a ƙara musu ba. Cikin bakwai ɗin har da wadda ta ɓace, da wadda uwarta ta biya dubu-dubu. Na cire naira 14,100 daga albashina, aka sha ruwa, bakwai ɗin nan suka cika hawansu. Ba wanda ya cuce ni. Farashi a rubuce ya ke ɓaro-ɓaro, na'urar ma tana nuna abin da ya rage duk sa'ad da aka kara kati. Ni ce ban duba ba.

Da na koma gida na ba Kakata labari. Ta ce, "Kishiya, duk bokonki ba a koya muku ɗaurin haɓar zane ba?" Ita har yau a haɓar zane ta ke ajiye kuɗinta, ƙulli uku ta ke yi, mu kuwa jikoki mu yi ta yi mata dariya in mai talla ya tsaya yana jira tana fama da haƙora. Ta ce, "Ku yi dariyarku. Kafin in kwance na farko na tambayi farashi. Kafin in kwance na biyu na tuna ko akwai irinsa a ɗaki. Sau da yawa ba na kaiwa na uku." Sai a ran nan na gane ba ɓarawo kaɗai ta ke yi wa ƙullin ba, har da kanta.

Su ma masu wuraren wasan can sun taɓa yin abu mai kama da ƙullin Kaka. A Disneyland ta jihar California, wadda aka buɗe a 1955, ɗan littafin tikiti a kan sayar wa mutum, mai takardu aji-aji, daga A, har a 1959 aka kai E, wanda shi ne na manyan wasanni. Duk abin da yaro zai hau sai an yage takarda ɗaya. Uba yana gani da idonsa littafi yana sirancewa, yaro ma yana gani, ya san in ya kashe na E ɗinsa da safe ba shi da na yamma. A 1982 aka daina wannan, aka koma biya ɗaya a ƙofa. Daga littafi aka zo kati, daga kati aka zo awarwaro da waya, kowane mataki kuwa ƙulli ɗaya a ke kwancewa.

Masana ma sun gwada abin. A shekarar 2001 waɗansu malamai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Drazen Prelec da Duncan Simester, suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi. Sun sa ɗalibai su taya tikitin kallon wasan ƙwallon kwando. Waɗansu aka ce musu da tsabar kuɗi za su biya, waɗansu kuwa da katin bashi. Masu kati suka taya kusan ninki biyu na abin da masu tsaba suka taya, alhali tikitin iri ɗaya ne. To, in kati da sai na buɗe jaka na zaro shi ya yi mini abin da ya yi, ina ga abin da ke ɗaure a hannu, wanda miƙa hannu kawai ya isa?

Ban ce masu awarwaro macuta ne ba. 'Yan kasuwa ne, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya kashe dala miliyan 1,000 yana so baƙonsa ya ji daɗi, layi ya rage tsawo, yana kuma so hanyar da ke tsakanin sha'awa da aljihu ta zama ba gargada. Mai kanti na unguwarmu ma haka ya ke yi in ya buɗe wa matar gida littafin bashi, ya ce, "Ɗauki kawai Hajiya, ƙarshen wata ma yi lissafi." Taimako ne, amma kowa ya san ƙarshen watan nan ba ya zuwa da daɗi. Awarwaron biyan kuɗi littafin bashi ne da aka ɗaura wa mutum a hannu.

Har wa yau akwai abin da ya kamata mai ɗaura shi ya sani. Awarwaron yana ba da labari. A cikinsa akwai ɗan batir da ke sa a iya karanta shi daga nesa ba sai an kara ba. Ta haka ne in an ɗauki hoton mutum yana kan lilo, hoton ke zuwa cikin lissafinsa da kansa. Ta haka ne kuma masu wurin ke sanin abin da ya hau da lokacin da ya hau. Waya ma ta kan yi irin wannan tsegumi, har ta fi. Wadda ta sani ta yarda, ba laifi. Rashin sanin ne ba kyau.

Duk da haka ba zan yarda a kushe awarwaro a gabana ba, ni da takarda mai rubutun biro ta mayar mini da 'yar mutane. Amfaninsa babba shi ne yana magana a madadin wanda ba ya iya magana, ko yaro ne, ko tsoho, ko baƙon da ba ya jin harshen gari. Shi ya sa bayan turmutsutsun Mina na shekarar 2015, wanda ya ci rayuka da yawa har da na 'yan ƙasarmu, hukumomin Saudiyya suka fito da awarwaro na zamani a 2016 mai ɗauke da bayanin alhaji da na lafiyarsa. Waya tana iya mutuwa, kati yana iya faɗuwa, abin da ke ɗaure a hannu kuwa yana tare da mai shi.

Saboda haka ga shawarar da na yanke wa kaina, wadda kuma na ke ba duk mai niyyar kai yara irin wuraren nan, ko a nan gida ko a ƙasar waje.

Na farko, wajen shiga da shaidar yaro, awarwaro ya fi. In na takarda ne, ki rubuta lambar wayarki a kai tun a bakin ƙofa. In wurin ba su bayarwa, ki yi naki da ƙyalle tun daga gida.

Na biyu, waya tana da ranarta, amma kada ki dogara da ita kaɗai. In ana iya biya tun daga gida, ki biya da dare hankali kwance, ki ɗauki hoton shaidar biya. Ki cika mata caji, kada ki ƙarar da shi wajen ɗaukar hoto, domin lambar da ki ka rubuta a hannun yaro ba ta da amfani in wayar ta mutu. Ki kuma riƙe 'yan kuɗi a hannu.

Na uku, wajen kashe kuɗi, ko da me za ki biya, ki yi wa kanki ƙulli. Ki yanke abin da za a kashe tun ba a fita ba, ki gaya wa maigida da yaran. In kati ne, ki zuba kaɗan-kaɗan, kuɗin ci dabam, na wasa dabam. Yaya ta ce ita nata awarwaron kaɗai ta yarda a haɗa da kuɗi, na yarinya na shiga ne kawai, kuma kowane dare sai ta duba lissafin ɗaki kafin ta kwanta. Ni kuwa na riga na yanka kwali ƙanana-ƙanana, na buga musu hatimin makaranta. In Allah ya kai mu tafiya ta gaba, kowace yarinya za ta karɓi biyu a hannunta, ba kuwa zan kara kati ba sai an miƙo mini kwali. Mai baki da marar baki duk rabonsu ɗaya.

Ran da su Yaya za su koma, 'yar tata ta ciro awarwaron ta sa mini a hannu, ta ce tsarabata ke nan. A nan garin ba ƙofar da ya ke buɗewa, ba kuma mai ƙosan da za ta karɓe shi. Na ajiye shi a kabad ɗin ajina tare da kwalayen nan, don in an koma makaranta in nuna wa yara, sa'an nan in rubuta musu a allo: naira 30,000, hawa ɗaya naira 300, yara 30, kowace ta sami nawa? Ina so su iya amsa tun suna aji huɗu, kada su jira sai fitila ta yi ja kamar malamarsu.

Duk wadda irin wannan ta taɓa samu, ko mai wata dabara da ta fi tawa, sai ta rubuto ta hannun Edita don mu ƙaru da juna. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu ikon riƙe amana. Wasalam.

Taku,
Malamar Aji Huɗu